Hanyar Ƙauyenmu a Cikin Taswira: Wane Laƙabi Aka Ba Ta?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya yi a Mando, Kaduna, a gaban wakilan ikilisiyoyin ƙauyukan da ke kewaye. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, su kuma tattauna a ƙungiyoyinsu.

Mun san waɗansunku sun baro gida tun da asuba. Waɗansu sun hau babur, suka sauka suka tura shi a cikin yashi, kafin su sami motar da ta kawo su shataletalen Mando. To, wannan hanya da kuka biyo, ita ce za mu yi magana a kanta yau.

Abin da ya faru da motar taki

Bari mu fara da kuskuren da mu kanmu muka yi. Wata damina mun yi hayar babbar mota domin ta kai takin zamani wani ƙauye da ke ciki, can bayan an bar kwaltar Birnin Gwari. Direban baƙo ne a wannan yanki. Ya ce kada mu damu, wayarsa za ta nuna masa hanya. Mu kuma muka yarda, ba mu haɗa shi da ɗan gari ba.

Hanyoyi biyu ne suke shiga ƙauyen. Ɗaya ta fi tsawo, amma ita ce motocin kasuwa suke bi rani da damina. Ɗayar gajeriya ce, tana ƙetare rafi a wurin da babu gada. Wayar ta zaɓi gajeriyar. Mota ta kafe a tsakiyar rafi, ta kwana biyu a wurin, buhunan da ke ƙasa suka jiƙe. Matasan ƙauyen ne suka kwashe sauran a ka. Manoma da yawa sun sa taki a makare a wannan shekara.

Daga baya muka zauna muka duba taswirar da wayar take amfani da ita. Duka hanyoyin biyu suna ciki, an zana su daidai. Matsalar tana wurin bayanin da aka liƙa musu. Doguwar hanyar, wadda kowa yake bi, an rubuta ta a matsayin hanyar gona. Gajeriyar kuwa an rubuta ta a matsayin hanyar mota, ba a kuma nuna cewa tana ratsa ruwa ba. Wanda ya zana su ya gan su ne daga hoton sama. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma bai taɓa taka wurin ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Wace taswira ce wannan?

Sunanta OpenStreetMap. Wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara ta a shekarar 2004. Bambancinta da sauran taswirori shi ne, kowa yana iya yin rajista kyauta ya ƙara abin da ya sani, ko ya gyara abin da ya ga ba daidai ba. Masu aikin sa-kai ne suke gina ta, kowa kuma yana iya amfani da ita ba tare da biya ba. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da manhajojin waya da yawa suke dogara da ita.

Duniya ta ga amfaninta a watan Janairu na 2010, sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti. Cikin 'yan makonni, mutane kimanin 600 daga ƙasashe dabam dabam suka zana titunan birnin daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu ceto suka yi aiki da su. An sake yin haka a 2014 lokacin cutar Ebola a Gini, Saliyo da Laberiya. A wannan shekara ce ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya, da ƙungiyar likitoci ta MSF, da ƙungiyar masu taswirar agaji ta HOT suka kafa shirin Missing Maps, domin a zana wuraren da aka manta tun kafin masifa ta zo.

A nan arewa ma mun ga irin wannan. Da, masu rigakafin shan-inna suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, ana tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage ba da sani ba. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan sama a Kano da waɗansu jihohi, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin masu aikin. Aka gano wuraren da ba a taɓa kai wa ba. A watan Agusta na 2020 aka sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Taswira ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma ta taimaka ƙwarai.

Mene ne laƙabi?

A cikin wannan taswira, hanya layi ce kawai. Kwamfuta ba ta san ko babban titi ne, ko turbar shanu, ko rafi ba, sai an gaya mata. Bayanin da ake liƙa wa layin shi ne muke kira laƙabi. Ku ɗauke shi kamar rubutun da muke yi a jikin buhu a ɗakin ajiya. Buhunan duk kamarsu ɗaya, amma rubutu ne yake nuna wannan iri ne, wannan taki ne, wannan na wane ƙauye ne. Idan aka yi kuskuren rubutu, za a dafa irin shuka.

Kowane laƙabi tambaya ce da amsa. Wace irin hanya ce? Da me aka yi ta? Mene ne sunanta? Akwai gada? Hanya ɗaya tana iya ɗaukar laƙabi biyar ko goma. Domin mutanen duniya duka su fahimci juna, an yarda a riƙa rubuta laƙabi da waɗansu kalmomin Turanci sanannu. Sunaye kuwa ana rubuta su da kowane harshe.

Da yake a Ingila aka fara, rabe-raben hanyoyi na farko sun bi tsarin hanyoyin Ingila. A can, hanyar da ba ta da kwalta galibi ta gona ce ko ta daji. Saboda haka baƙo mai zane, da ya ga jar ƙasa a hoto, sai ya sa mata laƙabin hanyar gona. A wurinmu kuwa hanyar da ke ɗaukar amfanin gonar ƙauyuka goma zuwa kasuwa tana iya zama ba ta taɓa ganin kwalta ba. Domin gyara wannan ne masu taswira suka rubuta jagora ta musamman don Afirka, mai suna Highway Tag Africa.

Ƙa'ida ta farko: aikin hanya, ba kyanta ba

Babbar koyarwar wannan jagora ita ce, matsayin hanya yana fitowa daga aikin da take yi wa jama'a. Tambayar da za a yi ita ce: ina da ina take haɗawa, su wa suke dogara da ita? Ko ta lalace, ko ta cika da ramuka, wannan wata tambaya ce dabam mai nata laƙabi. Ga matakan, daga babba zuwa ƙarami:

1. Manyan hanyoyin ƙasa masu haɗa birane. Misali hanyar Kaduna zuwa Zariya da Kano, mai lamba A2, da wadda ta tashi daga nan Mando ta bi Buruku da Birnin Gwari zuwa Tegina. Duk mun san wahalar da masu bin hanyar Birnin Gwari suka sha shekara da shekaru, amma lalacewa ba ta rage mata matsayi a taswira.
2. Hanyoyin da suke haɗa birni da manyan garuruwa.
3. Hanyoyin da suke haɗa garuruwa da manyan ƙauyuka, irin masu kasuwar mako, asibiti ko makarantar sakandare.
4. Ƙananan hanyoyi masu haɗa ƙauye da ƙauye, waɗanda mota za ta iya bi. Yawancin hanyoyinmu a nan suke. Kalmar da ake rubuta musu ita ce "unclassified". Tana ruɗa mutane, gama tana kama da a ce ba a san matsayin hanyar ba. Tsohuwar kalma ce ta hukumar hanyoyin Ingila, ma'anarta ƙaramar hanyar jama'a.
5. Layukan cikin unguwa masu kai mutane ƙofar gidajensu.
6. Hanyar gona, wadda ake rubuta wa "track". Ita ce wadda take fita daga gari ta ƙare a gonaki, fadama ko daji. Tarakta ko amalanke suna bi, amma ba ta kai ka wani gari.
7. Turba, wadda ake rubuta wa "path". Mai ƙafa, mai keke ko mai babur yana wucewa, amma mota ba za ta shiga ba.

Ku lura da na huɗu, na shida da na bakwai, gama a nan ne ake yawan cutar da mu. Idan aka mayar da hanyar ƙauyenku hanyar gona, waya za ta riƙa kauce mata, mai shirya rabon magani ko gidan sauro a ofis zai ɗauka mota ba ta zuwa wurinku. Idan kuma aka mayar da turba hanyar mota, za a turo motar asibiti inda ba za ta iya wucewa ba, mace mai naƙuda tana jira.

Kada kuma mu ƙara wa hanyarmu girma don son ƙauyenmu. Wani zai ce, bari a rubuta ta babba domin a san da mu. Wannan yana iya juyowa a kanmu. Mai duba taswira zai ga kamar muna da hanya mai kyau, ya kai aikin gyara wani wuri. Gaskiya ce za ta amfane mu.

Ƙa'ida ta biyu: a faɗi halin da hanya take ciki

Bayan an faɗi matsayinta, sai a bayyana jikinta. A nan ne iliminku ya fi na kowane mai digiri, domin hoton sama ba ya nuna waɗannan abubuwa sosai, yawanci kuma da rani aka ɗauke shi.

Da me aka yi ta? Kwalta, burji, tsakuwa, yashi ko ƙasa zalla. Kowanne yana da laƙabinsa. Akwai kuma laƙabin da yake nuna irin abin hawan da zai iya jurewa, ko ƙaramar mota, ko sai mai ƙarfi.

Yaya take ƙetare ruwa? Abu uku ne, kada a haɗa su. Akwai gada. Akwai kwalbati, inda ruwa yake bi ta ƙarƙashin hanya. Akwai mashigi, inda mutum da mota suke shiga cikin ruwan. Laƙabin mashigi ɗaya tak da ya ceci takinmu. Inda sai da kwalekwale ake hayewa, shi ma ana zana shi da nasa laƙabi.

Wane lokaci ake binta? Akwai laƙabin da yake cewa da rani kaɗai ake bin hanya. Ba kowace manhaja ce take kula da shi ba, amma mai shirya tafiya da ya buɗe taswira zai gani. Idan kun san rafinku yana cika daga Yuli zuwa Satumba, wannan bayani ne mai daraja.

Ƙa'ida ta uku: suna

Dokar taswirar ita ce a rubuta abin da yake a ƙasa, wato sunan da ke jikin allo ko wanda mutanen wurin suke amfani da shi. Amma hanya takan yi suna fiye da ɗaya. Babban titin da ya ratsa yammacin Kaduna, sunansa a hukumance Nnamdi Azikiwe, amma kowane direba baifas yake ce masa. Hanyar da ta fita daga Mando, wani ya ce hanyar Legas, wani ya ce hanyar Birnin Gwari. Taswirar tana da gurbin babban suna, gurbin wani sunan da aka san wurin da shi, gurbin tsohon suna da gurbin lambar hanya.

Akwai kuma gurbi na kowane harshe. Wannan ya shafe mu sosai. Ƙauyuka da yawa a kewayen Kaduna suna da sunan Gbagyi da kakanni suka sa, suna kuma da sunan Hausa da aka san su da shi a tasha. Ba sai an goge ɗaya ba. A rubuta duka biyun, kowanne a gurbinsa. Muna roƙo kada taswira ta zama wurin gardamar ƙasa ko ta sarauta. Inda akwai saɓani a kan suna, a zauna da mai unguwa da dattawan kowane ɓangare, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, kafin a rubuta kome. Hanyar ta dukanmu ce.

Abu ɗaya da aka hana: kada a kwafo suna ko hanya daga taswirar Google ko wata taswirar kamfani. Suna da masu su. Abin da ido ya gani, ƙafa ta taka, shi ake so.

Tashoshi da motocin haya

Hanya ba ta da amfani ga wanda ba shi da abin hawa sai an san motar da take binta. A taswira ana nuna wannan a mataki uku. Na farko, babbar tasha kamar ta Mando ko ta Kawo, ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da aka buɗe a 2016. Na biyu, wurin da ake tsayawa a ɗauki fasinja a bakin hanya, ko da babu allo ko rumfa, muddin kowa ya san nan ne ake jira. Na uku shi ne layin mota kansa: ana ɗaure guntayen hanya da wuraren tsayawa bi da bi, daga inda aka tashi zuwa inda aka nufa, kamar yadda ake zura duwatsu a zare.

An ƙirƙiro wannan tsari ne don ƙasashen da bas yake tashi a kan agogo. Motocinmu sai sun cika suke tashi, suna kuma tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. Duk da haka an gwada a Afirka, ya kuma yiwu. A Nairobi, ɗaliban jami'a sun hau ƙananan bas ɗin da ake kira matatu da wayoyi a hannu, aka fitar da taswirar layukansu a 2014. A Accra ta Ghana, a 2017, an zuba layukan motocin tiro-tiro sama da 300 a cikin OpenStreetMap. Har akwai laƙabin da yake nuna cewa a wannan yanki mota tana tsayawa ko'ina aka tsayar da ita.

A wurinmu, abin da ya fi muhimmanci shi ne mahaɗa, wato inda motar kwalta take sauke ka, 'yan acaɓa ko masu Keke Napep su ɗauke ka zuwa ciki. A rubuta ranar kasuwa kuma, gama ƙauyuka da yawa ranar kasuwa kaɗai suke ganin mota. Direbobi da 'yan kamasho sun fi kowa sanin waɗannan. A je musu da ladabi, ta hannun shugabannin tasha. Kuɗin mota kuwa yana canzawa kullum, mu bar shi.

Tsoron da ke zuciyarmu

Mun san tambayar da waɗansunku suke riƙe da ita: idan muka nuna hanyarmu, ba mun nuna wa 'yan bindiga ba? Tambaya ce mai nauyi, ba za mu raina ta ba. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, sa'ad da aka sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, nan kusa da inda muke zaune.

Ga abin da muke gani. Masu kawo hari sun riga sun san daji da turbobinsa fiye da kowace waya. Wanda bai san hanya ba shi ne ma'aikacin jinya, direban motar agaji da sabon malamin da aka turo. Duk da haka dole mu yi hankali. Kada a sa sunan mutum ko gidansa. Kada a nuna rumbuna, garken shanu, wurin da 'yan sintiri suke tsayawa, ko turbar da mutane suke bi su ɓuya. Kada a tsaya ɗaukar hoto ko awo kusa da NDA, sansanin sojan sama, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro. Kada kuma a tura yaro ya auna hanyar da ba lafiya. Idan dattawan wani ƙauye suka ce ba su yarda ba, mu ba za mu sa hannu a ƙara kome game da su ba.

Ku tuna kuma da ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a sassan jihar nan wajen wata biyu. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna barin mutum ya sauke taswira a waya tun da wuri, ta ci gaba da aiki ko babu sabis. Amma abin da aka zuba mata ne kawai za ta nuna.

Abin da kowace ikilisiya za ta iya yi

Ba kowa ne zai taɓa kwamfuta ba, ba a kuma bukatar haka. Ga shawararmu:

1. Ku zaɓi mutum huɗu ko biyar: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga zumuntar mata, ɗan acaɓa ko direba, da matashi mai waya. Ku gayyaci maƙwabta su kawo nasu wakilin.
2. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci kafin ku fara.
3. Za mu buga muku taswirar yankinku a takarda. Ku zauna da biro ku bi hanya ɗaya ɗaya: ina take zuwa, mota tana bi, da me aka yi ta, ina ruwa, wane wata take yankewa, mene ne sunanta.
4. Ku saurari mata da kyau. Su ne suka san turbar rijiya, ta injin niƙa da gajeriyar hanyar asibiti.
5. Ku dawo mana da takardar. Matasan da muka koya wa aikin za su shigar da gyaran, su rubuta dalilinsa, domin wani baƙo kada ya zo ya mayar da kuskuren. Akwai ɗalibai masu irin wannan aiki a jami'o'i, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin shirin YouthMappers.
6. Bayan kowace damina ku sake dubawa. Gada takan karye, kwalbati yakan toshe, sabuwar hanya takan buɗe.

Taswira ba za ta zuba burji ba, ba za ta gina gada ba. Amma ranar da kuka je sakatariyar ƙaramar hukuma neman kwalbati, za ku iya shimfiɗa takarda ku ce, ga ƙauyukan da suke bin wannan hanya, ga inda take yankewa, ga nisan da ke tsakaninmu da asibiti. Wannan ya fi ƙarfin kuka da baki kawai.

Tambayoyi don tattaunawa

• Hanyoyi nawa ne suke shiga ƙauyenmu? Wacce ce ta mota, wacce ce ta gona, wacce ce turba?
• Idan baƙon direba zai zo ɗaukar majinyaci da dare a watan Agusta, wane abu ne dole ya sani?
• Waɗanne wurare ne suke da suna biyu a wurinmu? Wa ya kamata mu tambaya?
• Waɗanne abubuwa ne muka yarda kada a sa a taswira?

Iyayenmu da 'yan'uwa, matambayi ba ya ɓata, amma yau baƙi da yawa wayarsu suke tambaya maimakon su tsaya su tambaye ku. Bari mu tabbata amsar da take ba su daga bakinku ta fito. Takardun suna nan a bakin ƙofa, wakilin kowane ƙauye ya karɓi tasa kafin ya tafi.